Gargaɗi kan masu gadon tausa kyauta da injin "wanke dafi"

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya daure ya karanta wannan, ni ba mai yawan rubutu ba ce amma abin da aka yi wa Hajiyarmu ya sa na kasa yin shiru.

Wajen wata huɗu da suka wuce wasu suka kama shago a bakin titinmu nan Kano, ba zan faɗi sunan wurin ba don maganar tana hannun manya, suka shafe shi da farin fenti suka liƙa hoton ƙashin baya da na tafin ƙafa mai zane-zane, suka rubuta tausa kyauta. To kun san mu da kyauta. Kafin sati ya zagayo tsofaffi sun fara bin layi tun da sanyin safiya. Hajiya dama ta jima tana fama da gwiwa da baya ga kuma hawan jini, maƙwabciyarta ce ta ja ta.

Gado ne mai ɗumi da wasu ƙwallaye a ciki da suke bin gadon bayan mutum sama da ƙasa, a kwanta kamar minti arba'in. Kuma gaskiya ta ji daɗinsa, ranar farko barci ta yi har ana kiran azahar. Ni ban ga laifin wannan ba, tausa ai ba baƙuwarmu ba ce, ungozoma na yi wa mai jego, kakanninmu suna sa jikoki su tattaka musu baya, a murza man kaɗanya ko man zafi jiki ya saki a yi barci. Da a nan suka tsaya da babu mai jin bakina.

A sati na biyu aka ce za a yi wa kowa gwaji. Wani ɗan ƙarfe ne kamar mariƙin tocila aka ba ta ta riƙe, an jona shi da kwamfuta, minti biyu bai cika ba firinta ta fara zubo takardu. Wai hantarta ta yi kitse, ƙodarta ta fara gajiya, jininta ya yi kauri, har da ƙashi da ido. Ba a ɗebi jini ba, ba a karɓi fitsari ba. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya gwajin ƙoda ya san sai an huda hannu an kai jinin lab an jira sakamako, amma tsohuwa ta ga takarda da Turanci da jan layi, ai shi ke nan hankali ya tashi.

Daga nan sai maganin, kuma nan ne kyauta ta ƙare. Roba ce ake zuba ruwan ɗumi, a barbaɗa gishiri, a jefa wani dunƙulen abu mai waya a ciki sannan ki tsoma ƙafa. Naira 5,000 kowane zama kuma wai sai an yi goma. Ruwan yana farawa garau, can sai ya yi rawaya, ya koma kamar ruwan kwata da kumfa a sama da ɗigo-ɗigon baƙi. Wata yarinya mai farar riga ta durƙusa tana nuna mata da cokali, "Mama kin ga wannan baƙin daga hantarki ya fito, kumfan nan kuma maiƙo ne, Allah ne ya kawo ki da wuri." Hajiya ta dawo gida idonta jawur tana nuna mana hoton ruwan a waya tana cewa ashe wannan ƙazantar nake yawo da ita. Ni kaina wallahi tsigar jikina sai da ta tashi.

Abin da ba mu sani ba shi ne sun ce mata ƙwayoyin asibiti su ne suke tara dafin, ta ajiye su ta koma kan garin shayinsu da kafso. Ta ajiye maganin hawan jininta kusan sati uku ba ta gaya wa kowa ba. Ta sayi kwalabe huɗu, ta kuma ba da kafin alƙalami na wata katifar ɗumi da kuɗin adashinta, da muka lissafa duka ya haura naira dubu 140. An kuma ce in ta kawo mutum uku za a rage mata, shi ya sa maƙwabciyar take ta jan mutane, ita ma baiwar Allah ba ta san komai ba. Kullum da safe sai a tsayar da wata ta ba da shaida wai ta jefar da sandarta, a yi tafi.

Asiri ya tonu ne ranar da jiri ya kwashe ta a bakin murhu tana cewa ƙeyarta kamar za ta tsage. Muka kai ta asibiti aka auna jini ya kai 190 bisa 110. Likitan bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye ɓarin jiki, kuma dafin jiki aikin ƙoda da hanta ne su fitar ta fitsari da bayan gida, ba ta tafin ƙafa ba. Aka yi mata gwajin jini na gaske, ƙodarta ƙalau alhamdulillahi.

Ƙanina malamin kimiyya ne a sakandare, da ya ga hoton ruwan sai ya ce a ba shi kofin gilashi. Ya zuba ruwa da gishiri, ya ɗaura waya a ƙusa biyu ya jona da ƙaramin batir ya tsoma su. Muna zaune a tsakar gida muna kallo ƙusa ɗaya ta fara fitar da ƙananan kumfa, ruwan ya yi kore-kore, kafin Hajiya ta idar da la'asar ya koma kalar tsatsa sak irin na hoton. Ya ce tsatsa ce kawai, wuta in ta bi ta ruwan gishiri tana cinye ƙarfe, abin da ke cikin dunƙulen nasu ke nan. Hajiya ta daɗe tana kallon kofin sannan ta ce "to wannan hantar wa ya wanke?" (Yara kar wanda ya gwada wannan da wutar soket dan Allah, batir ya yi amfani da shi.)

Washegari ya je shagon ya biya 5,000 ɗinsa ya ce a kunna injin amma ba zai sa ƙafa ba. Suka ce ai injin zai lalace. Ya ce to, ya sa, yarinyar na juya baya ya zare ƙafarsa ya ɗora a tawul, ruwa ya ci gaba da rinewa abinsa a gaban tsofaffin da ke layi. Ogan ya fito yana gumi wai injin yana jawo dafin da ke cikin iska ne. Ka ji fa.

Kwalaben kuma uku babu lambar NAFDAC ko ɗaya. Ɗayar tana da ita, amma ku riƙa duba jikin irin waɗannan magungunan na itatuwa, ko da lambar za ku ga an rubuta da ƙananan baƙi cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Lamba ba shaida ba ce cewa abu yana maganin ƙoda ko suga.

Likitan ya ƙara mana wani abu da ban taɓa sani ba, ita kanta tausar ba kowa ake dannawa ba. Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana zafi kar a murza ta don yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, in aka motsa shi zai iya tafiya huhu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai katifar ɗumi na iya ƙona shi bai sani ba. Su waɗannan ko tambaya ba sa yi, kowa hawa gado kawai. Mai son a duba masa baya ko gwiwa da gaske akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, can muka mayar da ita.

Kwana biyar bayan zuwan ƙanina muka wayi gari shagon a garƙame, an cire allon, lambar wayar ba ta shiga, mai shagon ma yana bin su haya. Katifa ba ta zo ba kuɗi ba su dawo ba. Irinsu ba sa dainawa, unguwa kawai suke sakewa da sabon suna, don haka in sun buɗe kusa da ku ku ce a kunna injin babu ƙafa a ciki, ku kuma leƙa ledar maganin iyayenku ku ƙirga ko ana sha. Hajiya ta koma kan ƙwayarta, yanzu ni nake miƙa mata da hannuna kowace safiya, da daddare kuma autana yake murza mata gwiwa da man kaɗanya tana biyansa da alawa.