Hattara da masu tallar rauta "mai katangar tsaro" ga masu intanet na faiba

Jama'a, akwai wata damfara da ke bin mutanen da suka jawo intanet na faiba gida, ina so a san da ita kafin ta ci wasu. Da zarar an gama ja maka waya, sai wani ya ɓullo ta WhatsApp ko Facebook, wani lokaci ma har ƙofar gida, ya ce na'urar da kamfani ya ba ka a buɗe take, 'yan kutse za su bi ta ciki su kwashe maka kuɗin banki. Maganin, in ji shi, wata rauta ce ta musamman (na'urar da ke rarraba intanet ta Wi-Fi a gida) mai katangar tsaro. Shi zai kawo, shi zai haɗa, kai kuma ka riƙa biyansa kuɗin "sabunta kariya" duk wata.

Kusan duk rautar gida da ake ƙerawa yau da katangarta take zuwa. Aikinta shi ne ta lura da abin da wayarka ko kwamfutarka ta nema daga ciki, ta bar amsarsa ta shigo, ta hana duk wanda ya zo daga waje ba a kira shi ba. Ba a biyan komai a kan wannan. Gaskiya ne wasu kamfanoni na sayar da ƙarin kariya, irin Netgear Armor, amma kamfanin ake biya ta manhajarsa, ba a tura kuɗi asusun wani mutum.

Abin da suke kawowa galibi tsohuwar na'ura ce da aka goge aka sa a sabon kwali. Za ka ga an rubuta AC1200 da manyan haruffa, ka ɗauka gudun ke nan. A'a, haɗa lissafi aka yi: megabit 300 na zangon Wi-Fi na 2.4 GHz da 867 na zangon 5 GHz, aka cike zuwa 1200, kuma wayar salula ɗaya ba ta samun su a haɗe. Ka duba ramukan da ake soka waya a baya. Idan na megabit 100 ne, ko kana biyan kuɗin megabit 500, ɗari ɗin nan ita ce iyakarka. Faiba na son ramin gigabit, mai 1000. Idan kuma ya ce tasa za ta maye gurbin ƙaramin akwatin da zaren faiba ke shiga, to ka sani kamfanin intanet da lambar wannan akwati ya yi maka rajista, wani daban ba zai yi aiki ba sai sun amince da shi.

Asarar kuɗi da jinkirin intanet duk da sauƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kalmar sirri. Mutumin nan shi ya saita na'urar, shi ya san kalmar shiga shafin sarrafa ta, kuma ya kunna damar sarrafa ta daga nesa da sunan "in ta samu matsala in gyara maka". Ka miƙa makullin gidanka ga wanda ba ka sani ba ke nan. Daga inda yake zaune zai iya sauya DNS, wato abin da ke nuna wa wayarka inda kowane shafi yake, ka rubuta adireshin bankinka daidai a kai ka na bogi. Idan burauza ta nuna gargaɗin cewa shafin ba amintacce ba ne, mutane da yawa dannawa kawai suke yi su wuce, kuma da wannan ake cin su.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori, ciki har da rautoci da kyamarori, ta hanyar gwada kalmomin sirri kusan 60 da ake fitowa da su daga masana'anta, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka durƙusar da kamfanin Dyn mai samar da hidimar DNS, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da dama. A 2018 masu binciken Cisco Talos suka gano wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter a na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. A watan Mayun 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a kan tsofaffin rautocin da masu ƙera su suka daina aiko musu da gyara, irin waɗanda 'yan damfarar nan ke sayarwa ke nan.

A ganina, tambaya ɗaya ta isa ta tona asirin mai talla: mece ce cikakkiyar lambar samfurin? Ka ɗauke ta ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera, ka ga ko har yanzu suna fitar mata da sabuwar manhaja, da ranar ta ƙarshe. In ya fara kame-kame, ka rabu da shi. Ka kuma nemi mai tsarin kulle Wi-Fi na WPA3, ko aƙalla WPA2, ka sa kalmar sirrinka da hannunka, ka kashe WPS (hanyar shiga Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba) da sarrafawa daga nesa.

Wanda ya riga ya saya, ya cire ta yau ya koma kan ta kamfani. Danna maɓallin mayar da ita yadda ta fito ba lallai ya wadatar ba, domin in an taɓa manhajar cikinta, tana nan. Ya sauya kalmomin sirrin banki da imel ta datar waya, ba ta wannan Wi-Fi ɗin ba, ya dakatar da biyan kuɗin watan, sannan ya kira kamfanin intanet ɗinsa ta lambar da ke takardar rajistarsa ya gaya musu abin da ya faru.