Dutsen kumfa ko na kwali da filasta?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi don dutsen da za ka kafa bayan ɗan jirgin ƙasanka na kan tebur: farar kumfar nan ta cikin kwalin firji, ko kwali da aka lulluɓe da takarda da filasta, wato farin garin nan da ake kwaɓawa da ruwa ya sandare. Duka biyun na gwada su a nan Maradi.

Kumfa ba nauyi, reza kawai take so. Ka jera ta hawa-hawa, ka manna da farin gam na kafinta, ka sassaƙa. Sai dai fentin feshi da gam mai warin fetur cinye ta suke yi. Ina tsaye ƙololuwar dutsena na farko ta narke kamar kitse a kasko, raina ya ɓaci ƙwarai.

Kwali ya fi araha, kuma cikinsa fanko ne, in jirgi ya goce cikin ramin da yake bi ta cikin dutsen sai ka zura hannu ta baya ka ɗauko shi. Amma kada ka kuskura ka manna takardar da kokon rogo, gara da kyankyasai ka kira wa liyafa. Ita kuma filasta, a zafin Afrilu kafin ka waiwaya ta sandare, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano.

Wajen fenti ne filasta ta yi wa kumfa nisa, domin tana shan launi kamar dutsen gaske. Tsinka fentin ruwa ya yi tsararo, fara da mai duhu ya gangara cikin tsagogi, bari ya bushe. Sannan ka ɗan taɓa mai haske da buroshi, ka goge a tsumma har ya kusa bushewa, ka shafi bakin duwatsun sama-sama. Nan take za su fito. In duwatsun Ayar kake nufi, baƙi-baƙi da toka. In na Dogon Dutsi ne, ja-ja. Gindin kuwa, tankaɗe yashin gulbi da rariya ka barbaɗa kan gam da aka sirka da ruwa.

Kada ka cika tsawo. A ma'aunin 1:87, wato inda na gaske ya ninka na kan tebur sau 87, santimita 30 daidai take da mita 26 a dutsen gaske, ya ishi ido.

Ni dai yanzu kumfa nake sawa ciki, in shafe ta da filasta siririya, wajen ramin kaɗai nake yi da kwali. Kuma tanadi zanen rufewa tun kafin hunturu, don ƙurar buji kan hana jirgin samun wuta daga dogo.