Wasiƙa daga Manchester: laburaren unguwarmu da masu aikin sa kai

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Inna da yara da mutanen Tudun Wada baki ɗaya.

Kin tambaye ni abin da ya fi burge ni a garin nan, na kuma san kin zaci zan ce wutar lantarki. Wuta kam ba a ɗaukewa, amma kuɗin ɗumama ɗaki a lokacin sanyi kan sa magidanci ya yi tagumi. Kayan miya akwai, har daddawa da kuka ana samu a shagunan 'yan Afirka, sai dai tattasan nan girma ne kawai, ko kusa bai kama ƙamshin na kasuwar Kawo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne laburare.

Sabon littafi a shago kusan fam 10 ne, wani ma ya fi. Da a ce saye zan riƙa yi wa yaran nan uku, da tuni na haƙura. Amma katin laburare kyauta ne, aro ma kyauta, kwamfuta da intanet kyauta, har ta waya kina iya aron littafi da manhajar BorrowBox kina kwance a ɗaki. Abin ya daɗe a wurinsu. A 1850 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ba garuruwa damar buɗe laburare da kuɗin haraji, Manchester ta buɗe nata a 1852. Babban na tsakiyar gari, gini ne zagayayye da aka buɗe a 1934, ranar da na fara shiga sai da na tsaya ina kallon rufin kamar baƙauya.

To amma wanda ya kama ni shi ne ɗan ƙaramin reshen unguwarmu, kuma ta Facebook na shige shi. Wata rana na ga sun rubuta cewa suna neman mutum biyu da za su karanta wa ƙananan yara labari ranar Asabar da safe, awa ɗaya kacal, kuma duk mai jin wani yare bayan Turanci ya zo, ana marhabin da shi. Na yi ta jujjuya maganar, daga baya na rubuta a ƙasa cewa ina jin Hausa. Kafin la'asar ma'aikaciyar ta amsa mini da sunana. Wallahi Yaya, amsar nan ce ta fitar da ni daga gida, bayan watanni ina zaune ba wanda nake gaisawa da shi sai mai kawo wasiƙa.

Ba haka kawai ake miƙa wa mutum 'ya'yan jama'a ba. Sai da aka binciki tarihina ta hukuma, abin da suke kira DBS, sannan aka zaunar da mu aka yi mana bayani. Asabar ta farko tatsuniyar Gizo na ba su, na koya musu "ga ta nan ga ta nanku", suka amsa da "ta zo mu ji ta" da bakinsu na Turawa da Somaliyawa da 'yan Pakistan. Hawaye ya kusa zubo mini.

Na lura da yadda suke kiran mutane, don a nan dabarar take. Ba sa cewa "jama'a ku zo ku taimaka" su yi shiru. Aiki suke yankowa ɗan daidai, su faɗi rana da lokaci: mai mota da zai kai wa tsofaffin da ba sa iya fita littattafai gida, mai haƙurin koya wa dattijo cike takarda a kwamfuta, matasan da za su saurari yara a hutun bazara. Wannan na hutun shiri ne na ƙasa baki ɗaya tun 1999, ana so yaro ya karanta littafi 6, a ba shi takardar shaida da lambar yabo. Bayan aiki kuma sai a sa hoto a yi godiya, amma fuskar yaro ba ta fita sai da izinin iyayensa. Mu masu sa kai muna da zaurenmu na WhatsApp, wanda uzuri ya kama sai ya faɗa, wani ya karɓe shi.

Kada ki ɗauka komai zuma ne. Tun daga 2010 aka yi ta rage wa ƙananan hukumomi kuɗi, rassa da yawa a faɗin ƙasar suka rufe, wasu aka bar wa masu sa kai su riƙe. Ni dai a ganina wannan ba daidai ba ne, mai sa kai ba zai taɓa cike gurbin wanda ya karanci aikin ba. Ga kaɗaici kuma. A sanyin 2022 da kuɗin wuta ya tashi, laburare ya zama wurin shan ɗumi. Akwai wani tsoho da ke zuwa kullum, jarida a hannu amma ba karantawa yake ba, jira yake wani ya ce masa sannu. A Kaduna da yana majalisa a ƙofar gida, jikoki na hawa kansa.

Kuma mu ba baya ba ne wajen takarda. Ga Arewa House, cibiyar binciken tarihi, a gidan Sardauna tun 1970, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017. Masu karatu ma ba su ƙare ba, ke kin san yadda matan layinmu ke jiran shafin labari a WhatsApp har tsakar dare. Aikin gayya kuwa gadonmu ne, a yi shelar gyaran maƙabarta ko yashe kwata ki ga matasa. Abin da ke mini ciwo shi ne ban taɓa jin an yi gayya don littafi ba. Ina tuna wani ɗakin karatu da nake zuwa muna sakandare, littattafai sun yi ƙura, ba wanda ya taɓa tambayata me nake nema, balle a ce in zo in taya jera su.

Shi ya sa nake roƙonki ki yi wa shugaban Islamiyyarku maganar ɗakin nan da ake ajiye karyayyun bencina, ko za a mayar da shi ɗakin karatun yara. Na tara littattafan yara kwali biyu daga waɗanda reshenmu ke sayarwa da araha idan sun tsufa, zan ba wani mai tahowa kafin azumi. Na Hausa kuma sai ki duba mana a Zariya, zan turo kuɗin. Idan ya amince, ki rubuta a zauren iyayen yara cewa ana neman mutum biyu ranar Alhamis bayan la'asar, awa ɗaya, kuma duk wadda ta amsa ki kira sunanta ki gode mata a ranar.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.