Na gwada FamilySearch wajen neman takardun zama ɗan ƙasa na kakan surukata

Mijina haifaffen Amurka ne, kuma duk abin da danginsa suka sani game da kakan mamarsa shi ne wai daga ƙasar Sham ya zo, shi ke nan, ba sunan gari ba shekara. Surukata tun da jikokinta suka fara tambaya abin yake damunta, ni kuma da na taso inda tsohuwa za ta zauna ta lissafo maka kakanni har bakwai ba ta yi tuntuɓe ba, abin ya tsaya min a rai sosai, sai na ce bari in gwada FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin dangi, tunda kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Cocin Mormon ne ke da shi, hedikwatarsu na Salt Lake City a jihar Utah.

Gaskiya ya biya ni. Amma satin farko wahalar banza na sha saboda sunan kawai nake ta bugawa a wurin bincike, ashe da yawa daga cikin takardun hotunansu kawai aka ɗora ba a riga an shigar da sunayen ba, dole sai ka shiga katalog ɗinsu ka nemi jiha da kauntin (wato kamar ƙaramar hukuma) da mutum ya zauna, sannan ka bi shafi-shafi. Wasu kuma ba sa buɗuwa daga gida sai ka je cibiyarsu ko laburaren da suke hulɗa da shi, a tanadi haƙuri.

Abin da ya buɗe min hanya ƙidayar jama'ar Amurka ta 1920 ce. A gaban sunan duk wanda aka haifa a waje akwai alama, Al yana nufin baƙo ne har yanzu, Pa ya shigar da takardar farko ta bayyana niyyar zama ɗan ƙasa, Na kuma ya zama ɗan ƙasa, kuma ita ta 1920 ɗin har shekarar da ya zama tana bayarwa. Daga nan na san wace kotu zan nufa.

Shekarar da za ku riƙe da kyau ita ce 1906. Kafin 27 ga Satumba na wannan shekarar kusan kowace kotu mai ajiye rikod tana iya ba mutum zama ɗan ƙasa, ta gari ko ta kaunti ko ta jiha ko ta tarayya, kowa da irin fom ɗinsa, sau da yawa ba abin da za ka gani sai suna da ƙasar da ya baro da kwanan wata. Bayan nan ne gwamnatin tarayya ta sa fom iri ɗaya. Namu Allah ya taimaka bayan 1906 ne. Takardu biyu na samu, ta bayyana niyya da kuma ta neman zama ɗan ƙasan wadda ake shigarwa in mutum ya cika shekara 5 a ƙasar, to ita ta biyun nan ita ce dukiyar wallahi, akwai ƙauyen da aka haife shi, ranar haihuwa, sunan jirgin ruwan da ya kawo shi da tashar da ya sauka, sunan matarsa da na 'ya'yansa, da shaidu biyu. Ga sa hannunsa a ƙasa, hannun wanda bai daɗe da koyon boko ba. Da na tura wa surukata hoton ta kira ni ta ce, 'yata, wannan rubutun kakana ne? muka yi shiru mu duka.

Wani abin da ya kusa ɓatar da ni, Turkiyya aka rubuta a matsayin ƙasarsa, don a lokacin Sham tana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, mubaya'ar Sarkin Musulmi na Santambul ya rantse ya ajiye. Sunan ma an rubuta shi iri uku a takardu uku, saboda haka ku riƙa gwada kowane irin rubutu da kunnen magatakarda zai iya ji.

Matarsa kam na neme ta har na gaji, ba ta da takarda ko ɗaya. Ba laifin shafin ba ne, daga 1855 har zuwa dokar Cable ta 1922 matar aure tana zama 'yar ƙasa ne ta hanyar mijinta, ƙananan yara kuma ta hanyar uba, sunanta kawai ya fito a layi ɗaya cikin takardarsa, wannan ya yi min ciwo ba kaɗan ba. Hoto ma ban samu ba don sai 1929 aka fara liƙa shi.

In kana da wanda ya shigo Amurka a wancan zamanin ka fara da FamilySearch kafin ka kashe ko dala ɗaya a wani wuri. In ba ka samu ba sai ka tuntuɓi ma'adanar tarihi ta ƙasa wato NARA don na kotunan tarayya, ko USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, da ke riƙe da kwafin fayil daga 1906 zuwa 1956, su kam ana biya. Yanzu jerin fasinjojin jirgin nake bi ko zan ga da wa ya taho.