Sharhi Kan Rangadin Wuni Ɗaya Daga Vladimir Zuwa Gus-Khrustalny, Garin Maƙeran Gilashi

A birnin Vladimir na ƙasar Rasha akwai ƙananan kamfanonin yawon buɗe ido waɗanda suke ɗaukar baƙi a ƙaramar bas da safe su kai su garin Gus-Khrustalny, su dawo da su kafin dare, kuma hidimar ɗaya daga cikinsu ce nake son in auna a nan, domin amfanin ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a Mosko, waɗanda sau da yawa sukan gama zamansu a ƙasar ba su ga komai ba sai manyan birane. Kamfanin ya yi alkawarin mota, da jagora mai jin Turanci, da shiga masana'antar gilashin kiristal, da ziyarar gidan tarihi, da abincin rana, da tsayawa a kasuwar gilashi. Duk waɗannan ya cika su. Inda nake da ja da shi shi ne yadda ya raba lokaci tsakaninsu, domin ya tauye abin da ya fi daraja ya ƙara wa abin da bai kai shi ba.

Garin yana kimanin kilomita 60 kudu da Vladimir, a bakin kogin Gus, cikin dazuzzuka da fadamun yankin Meshchora, kuma mazaunansa ba su wuce dubu 50 da 'yan kai ba. Daji ne ya haife shi. A zamanin Sarauniya Elizabeta ta Rasha gwamnati ta hana masana'antun gilashi aiki a kewayen Mosko saboda yadda tanderunsu ke cinye itatuwa, sai wani attajiri mai suna Akim Maltsov ya nemi wuri mai nisa wanda yake da itace da yashi da ruwa, ya kafa masana'antarsa a nan a shekarar 1756. Gidajen ma'aikata ne suka yi ta yawa a kewayenta har suka zama gari, ko da yake hukuma ba ta ba shi matsayin birni ba sai a 1931. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai fahimci dalilin da ya sa duk hirar da za a yi da mutumin garin sai ta koma kan masana'anta, ko dai shi ya yi aiki a cikinta, ko uwarsa, ko kakansa.

Ba ni da abin cewa da yawa game da mota da hanya. Bas ɗin tsaf take, da ɗumi a cikinta, direban kuma ya tashi a kan lokaci bai yi gudun ganganci ba. Tafiyar ta ɗan haura awa ɗaya, kuma kusan dukkanta tsakanin dogayen itatuwa ake yin ta.

Masana'antar ita ce dalilin zuwa, kuma ita kaɗai ta biya mini kuɗina. Da an shiga zauren tanderu zafi ne yake fara tarar mutum, sannan rugugin wuta wanda ke sa dole a ɗaga murya. Narkakken gilashi yana fitowa da zafin da ya haura digiri 1,000, launinsa kamar na garwashi, kaurinsa kuma ya sa yana manne wa bakin dogon bututun ƙarfe. Maƙerin yakan ɗebo curi ɗaya, ya mirgina shi, ya busa, ya sa shi a cikin mazubi, kuma hannunsa ba ya daina juya bututun ko na ƙiftawar ido, domin da ya tsaya curin zai karkace ya zube. Ba mutum ɗaya ke ƙera kofi mai ƙafa ba: wani ya busa cikin, wani ya kawo masa ɗigon da za a ja ya zama ƙafa, wani ya ɗora gindin, wani ya ɗauka da sauri ya kai tanderun sanyaya, inda kayan ke hucewa sannu a hankali na tsawon awoyi, saboda gilashin da ya huce da gaggawa fashewa yake yi da kansa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarancin maganarsu. Kowa ya san inda ɗan'uwansa zai taka da wuta a hannu, ya kauce tun kafin ya iso. Duk wanda ya taɓa tsayawa a unguwar Masaga ta Bida yana kallon masu narka gilashi suna ƙera ƙarau da duwatsun wuya zai gane wannan natsuwar nan take, ko da yake kayan aikin sun bambanta.

Daga nan aka wuce da mu sashen masu yanka zane, inda babu wuta sai ƙarar fayafayan washi da ruwan da ke ɗiga a kansu. Mai yankan yakan riƙe kofin da hannu biyu ya danna shi a kan faifan da ke juyawa, yana leƙen aikinsa ta cikin gilashin, alamar da aka shata masa kuwa 'yan layuka ne kawai, zurfin yanka da kusurwarsa daga hannunsa suke fitowa. Jagorarmu ta bayyana cewa abin da ya raba kiristal da gilashin yau da kullum shi ne sinadarin dalma, wanda yakan kai kashi 24 cikin ɗari, kuma shi ne ke sa shi nauyi, da walƙiya, da taushin da zai karɓi yanka mai zurfi ba tare da ya tsage ba. Launi ma daga ma'adinai yake zuwa, shuɗi daga kobalt, shunayya daga manganis, wani irin ja kuma daga zinariya. Akan lulluɓe farin gilashi da mai launi tun yana narke, sannan mai yanka ya ratsa launin har farin ya bayyana, shi ya sa zanen ke fitowa kamar an saƙa shi.

Wannan sana'a ta kusa mutuwa a idon mutanen da muka gani suna yin ta. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet masana'antar ta yi ta ja da baya, har ta tsaya cak aka sallami ma'aikatanta a farkon 2012, sannan aka sake buɗe ta a ƙarshen 2013 da ma'aikata kaɗan, aka mai da hankali kan aikin hannu. Da yawa daga cikin waɗanda ke bakin tanderu da faifai ba yara ba ne. Saboda haka ne ya yi mini zafi da wakilin kamfanin yawon ya fara duba agogo yana kaɗa mu waje tun ba mu gama kallon kofi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba. Ma'aikatan masana'antar ba su kore mu ba, hasali ma wata dattijuwa mai yanka ta dakata don ta nuna mana yadda take daidaita tauraro a gindin faranti, amma jadawalin kamfanin bai bar mu mun tsaya ba.

Gidan tarihin kiristal yana cikin majami'ar Saint George, wadda aka gina da jan bulo tsakanin 1892 da 1903 bisa zanen Leonty Benois, da kuɗin mai masana'antar na wancan lokaci, Yuri Nechaev-Maltsov, wanda shi ne kuma ya ɗauki mafi yawan nauyin gina gidan kayan zane na Mosko da ake kira Pushkin a yau. A zamanin Sobiyet an rushe hasumiyar majami'ar an mai da ginin ga wasu ayyuka, sai a 1983 aka buɗe gidan tarihin a ciki. Zauren dogo ne, da ginshiƙan baƙin dutse a jere, akwatunan gilashi kuma suna tsakaninsu da fitilu, ta yadda hasken ke karyewa a jikin kayan ya bazu. A bango ɗaya akwai katafaren zanen ranar hisabi na mai zane Viktor Vasnetsov, mai faɗin murabba'in mita 49. An jera kayan bisa zamani, daga kofunan ƙarni na 18 masu siririn zane, zuwa kayan alfarma na ƙarni na 19, zuwa na zamanin Sobiyet da ayyukan masu fasaha na baya-bayan nan. Na daɗe a gaban kayan da aka ƙera don kasuwannin Farisa da tsakiyar Asiya, tukwanen shisha da butoci masu dogon wuya, waɗanda suka nuna cewa masu masana'antar sun san ɗanɗanon abokan cinikinsu Musulmi sun kuma ƙera musu abin da za su saya. A nan kamfanin ya ba mu lokacin da ya wadatar, kuma na yaba masa.

Jagorar da aka haɗa mu da ita 'yar garin ce, kuma ita ce mafi kyawun abin da kamfanin ya mallaka. Turancinta ba mai santsi ba ne, amma ta san abin da take faɗa, ba ta kuma jin kunyar raba tarihi da almara. Da ta zo kan tambulan mai kusurwoyi, wanda kowane gidan cin abinci na Sobiyet ya sani, ta ce ana yawan faɗin cewa a garinsu aka fara fitar da shi a 1943, ta kuma ƙara da cewa wasu na jayayya a kan hakan. Da lokacin azahar ya yi na nemi wuri, sai ta yi magana da mai gidan abincin aka buɗe mini wani ɗaki mai tsabta ba tare da wata tambaya ba.

Abincin rana a wani gidan cin abinci irin na ma'aikata aka yi shi, inda kowa ke ɗaukar tire ya bi layi. An ba mu miyar kabeji, da dafaffen hatsin da suke kira girechka, da soyayyen kifi, da baƙin burodi, da ruwan dafaffun 'ya'yan itace. Abinci ne mai sauƙi, mai zafi, mai ƙosarwa. Sai dai naman alade ya yi yawa a girkin yankin, har a cikin romon miya da niƙaƙƙen nama, kuma duk da na sanar da kamfanin tun lokacin biyan kuɗi cewa ba na cin sa, saƙon bai isa kicin ba, jagorar ce ta shiga ta tambaya ta sa aka sauya mini. Wannan sakaci ne da bai kamata kamfanin da ke neman baƙi daga ƙasashen waje ya yi ba.

Kasuwar gilashi ce ta cinye mana kusan dukkan yammacin. Rumfuna ne jere, cike da kofuna da fitilun rufi da kwalabe da kayan ado, kuma da farko ido yakan ruɗe. Amma ba duk abin da ke kan tebur ne aka ƙera a garin ba, akwai gilashin inji da aka shigo da shi daga wasu wurare, kuma ba kowane mai rumfa ne zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Wakilin kamfanin ya riƙa karkata mu zuwa wasu rumfuna biyu da ya fi so, abin da bai yi mini daɗi ba. Abin da na koya a masana'anta shi ya taimake ni a nan: kiristal na gaske yana da nauyi a hannu, idan aka ƙwanƙwasa bakinsa da farce yakan yi amo mai tsawo, gefen yankansa yana da kaifi a ƙarƙashin yatsa, wanda aka matsa a inji kuwa gefensa a dakushe yake, sau da yawa kuma akan ga layin haɗin mazubi a jikinsa. Ni dai a shagon masana'antar na sayi nawa, ƙananan kofuna masu shuɗin lulluɓi, kuma ko da yake sun fi na kasuwa tsada, an naɗe mini su da kyau sun isa Mosko lafiya. Wanda ya saya ya sani cewa saboda dalmar da ke ciki ba a ajiye abin sha mai tsami kamar zoɓo ko ruwan tsamiya ko lemo a tulun kiristal ya kwana, a zuba a sha ne kawai a wanke.

Abin da rangadin ya tsallake gaba ɗaya shi ne garin kansa. Ta tagar mota kawai muka hangi layukan ƙananan gidajen jan bulo waɗanda iyalin Maltsov suka gina wa ma'aikatansu a ƙarni na 19, da farar ƙawa a kewayen tagoginsu, har yau kuma da mutane a cikinsu da 'yan lambuna a baya. Haka ma tafkin da ke tsakiyar gari, wanda aka samar ta hanyar datse kogin Gus. Rabin awa da aka rage daga kasuwa da ta isa a taka waɗannan tituna da ƙafa, kuma baƙon da bai taka su ba zai koma da tunanin cewa Gus-Khrustalny shago ne, alhali gari ne na ma'aikata wanda yake fama da raguwar jama'a da ƙaurar matasa zuwa Vladimir da Mosko.

Ga wanda ba ya jin Rashanci ina ba da shawarar wannan hidima, domin ba tare da jagora ba zai yi wuya ya tsara shiga masana'anta ko ya fahimci abin da yake gani. Wanda yake jin harshen zai iya hawa jirgin ƙasa mai sauri daga Mosko zuwa Vladimir cikin ƙasa da awa biyu, ya shiga bas ɗin haya zuwa garin, ya kashe kuɗin da bai kai na kamfani ba, ya kuma mallaki lokacinsa. Ko ta wace hanya aka bi, a zaɓi ranar aiki don a tarar da tanderu a kunne, a riƙe tsabar kuɗin rubul saboda katunan Visa da Mastercard na bankunan waje sun daina aiki a Rasha tun 2022, a kuma ajiye fasfo a jiki. Wanda zai bi kamfani ya nemi a rubuta masa tun kafin ya biya yawan lokacin da za a yi a masana'anta da wanda za a yi a kasuwa, ya kuma maimaita wa jagora maganar abinci da bakinsa tun a cikin mota.