Salsalar gida ko jadawalin siffofi: da wanne za a fara koyar da bishiyar halittu?

Wata malama ta ce ɗalibanta na bayoloji a nan Sakkwato suna iya kwafe zanen bishiyar dangantakar halittu tsaf, amma da ta tambaye su wa ya fi kusa da kada, ƙadangare ko zabo, kusan kowa ya ce ƙadangare, alhali zabo ne. Tana so ta san ko ta fara da salsalar iyali ko da jadawalin siffofi. Malama, na gwada duka biyun.

Salsala tana da saurin shiga kai, domin yaron Sakkwato ya tashi yana jin wane ɗan wane jikan wane. Ki sa ɗaliba ta zana kanta, ƙanenta da ɗan baffanta. Ita da ƙanenta sun haɗu a uba, ɗan baffa kuwa sai an hau zuwa kaka. Shi ke nan ta gane mahaɗa, ta gane cewa kusanci a mahaɗa ake neman sa. Daga nan ki sauya wa sunayen wuri a allo, ƙane ya koma hagu, ita ta koma dama, ki tambaye ta ko zumuncin ya canza. Wannan ɗan juyin ne ke kashe babban kuskuren da ke damuna, wato karanta kawunan rassa daga hagu zuwa dama kamar tsani, wai na ƙarshe ya fi ci gaba. Zane ɗaya tak da masanin halittu Charles Darwin ya sa a littafinsa na 1859 rassa ne, babu tsani a ciki.

Inda salsala ke gazawa shi ne kaka yana nan da rai, ana gaishe shi kullum. Sai yaro ya ɗauka kada ne kakan zabo, alhali su biyun duk a kan rassa suke, 'yan zamani ɗaya, wanda ke mahaɗar tasu kuwa ya daɗe da ƙarewa. Kuma salsala ba ta nuna yadda aka san dangantakar.

Jadawali shi ke cike wannan giɓin, ko da yake yana cin lokaci. A jera tarwaɗa, kwaɗo, ƙadangare, kada, zabo, jemage da jar akuya, a yi layin ƙashin baya, gaɓoɓi huɗu, ƙwai mai ɓawo, gashi, shayarwa, ƙundu. Ɗalibai da kansu za su ga jemage ya faɗa wajen akuya saboda gashi da nono, duk da fikafikansa. Za su ga kada da zabo suna da ƙundu da zuciya mai ɗaki huɗu, abin da ƙadangare ba shi da shi. A nan suke koyon cewa kama da wane ba ta wane, kuma hannunsu ne ya gina bishiyar. Matsalarsa, idan aka fara da shi, rabin aji kan ɓace a cikin layuka kafin a zo zane.

Ni dai darasi ɗaya nake ba salsala, in faɗa musu iyakarta a fili, sannan in ba jadawali darasi biyu. Kuma kada ki buɗe da misalin mutum da biri, aji zai koma muhawara ba a koyi karatun zanen ba. A gwaji, ki ba su bishiya ɗaya da aka zana ta fuska biyu, ki ce su nuna ko akwai bambanci.