Buɗe imel mai kulle: wace manhaja, kuma ina za a ajiye makulli?

Ƙungiyar manoma a Kafin Hausa ko ofishin lafiya a ƙauyen Gumel da ke karɓar imel mai kulle daga abokan hulɗa yana buƙatar abu biyu: satifiket da makullin sirri. Satifiket na kowa ne, da shi mai aikowa ke kulle saƙo. Makullin ne kaɗai ke buɗewa. Yawanci suna zuwa tare a fayil ɗaya mai ƙarshen .p12 ko .pfx, da kalmar sirri a kansa.

A fara tambayar mai aikowa: S/MIME yake amfani da shi ko OpenPGP? Hanyoyi biyu ne na kulle imel, kuma ba sa buɗe saƙon juna.

Ga kwamfutar ofis, Thunderbird ya fi dacewa. Kyauta ne, yana aiki da S/MIME, kuma tun sigar 78 ta 2020 OpenPGP ma na cikinsa. Yana sauke saƙonni a kwamfuta, don haka in sabis ya ɗauke ana iya buɗe waɗanda suka riga suka iso. Outlook na kwamfuta ma yana yi, amma sai an biya lasisi. Gmail na kyauta ba ya buɗe S/MIME a burauza. Fayil mai suna smime.p7m kawai za a gani. A wayar Android, FairEmail na iya S/MIME. Manhajar OpenSSL ta masu rubuta wa kwamfuta umarni ce: openssl cms -decrypt, sai a nuna masa saƙon da satifiket da makulli. Sigar 3 ta OpenSSL takan ƙi tsofaffin fayilolin .p12 sai an ƙara -legacy a umarnin openssl pkcs12.

Babban zaɓi shi ne mazaunin makullin. Manhaja na duba lambar satifiket ɗin da aka kulle saƙo da shi, ta nemo makullinsa. Satifiket kan ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu. In aka sabunta da sabon makulli aka goge tsohon, duk tsofaffin saƙonni sun rufu ke nan. Haka in an kai kwamfuta birni gyara, mai gyara ya wanke ta ya sa sabon Windows. Ba a sake ƙirƙiro makullin da ya ɓace daga satifiket.

Na'urar makulli irin YubiKey, ƙaramar na'ura mai kama da filashi da ake ajiye makulli a ciki, tana hana sata, domin ba a iya fitar da makulli daga cikinta. Amma in a cikinta aka ƙirƙire shi, ranar da ta faɗi a kasuwa saƙonni sun bi ta. Ga ƙaramin ofis, fayil .p12 a filashi biyu ya fi, ɗaya a ofis ɗaya a wani gida, a cikin leda saboda ƙurar hunturu da danshin damina. Kalmar sirrin a rubuta a takarda daban. A gwada kowane filashi a wata kwamfuta, a buɗe tsohon saƙo guda, kafin a kulle shi a durowa.